Akaifata ta tsage daga gefe, dole sai na yanke ta?

"Salamu alaikum Tanti, barka da warhaka. Dan Allah taimako nike biɗa. Jiya ina wanki akaifata ta yatsan tsakiya na hannun dama ta tsage daga gefe, ba ta ɓalle duka ba amma komi na taɓa sai ta maƙale, har mayafina ta ja ma zare. Na daɗe ina tattalin akaifuna saboda bikin yayata saura sati ukku, kuma in na yanke wannan dole in yanke sauran su daidaita. Ƙawata ta ce in ɗiga mata sufa gulu kawai. Akwai yadda ake gyarawa ba a yanke ba? Kuma ya zancen alwala in na sa wani abu a kai?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya nuna mana bikin lafiya, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari. In na fahimce ki da kyau abu ukku kike tambaya, ko akaifar da ta tsage daga gefe tana gyaruwa ba a yanke ta ba, ko gulun da ƙawarki ta ce ya dace, sai kuma alwala. Eh tana gyaruwa, in dai tsagar ba ta shiga cikin nama ba. Amma kafin ki je ki sayi komi ina so ki gane mi ake nufi da gyaran, don a nan mata da yawa ke ruɗewa, su yi ta ɗora gulu bisa gulu suna jiran akaifa ta haɗe, har su jawo ma yatsa abin da ya fi tsagar muni. Ni aikina lalle ne da gyaran jikin amare nan Maradi, na daɗe a ciki, kuma irin wannan tambayar taki kusan duk lokacin biki sai ta zo min, musamman in hunturu ya shigo.

Akaifa ba ta warkewa, tsiro take

Akaifa, wasu su ce farce wasu su ce ƙumba, abin da aka yi ta da shi sunansa keratin, shi ne dai na gashi da ƙahon dabba da kofato. Jere take hawa-hawa sirara a manne da juna, kamar takardun littafi da aka danne. Ba jini a cikinta, ba jijiya, shi ya sa kike yanke ta ba ki ji komi ba. To abin da ba jini a cikinsa ba ya warkewa. Fata in ta yanke tana haɗewa da kanta, akaifa kuwa in ta tsage ta tsage kenan har abada, ba man da zai haɗe ta, ba maganin sha, ba addu'ar tofi a kai da za ta maida wurin yadda yake, sai dai sabuwa ta turo daga gindi ta kori tsohuwar. A ƙarƙashin fata ake ƙera ta, can bayan ɗan farin nan mai kama da jinjirin wata da kike gani a gindin babban yatsa, daga nan take turowa gaba a hankali.

Ta hannu tana tsiro wajen milimita 3 a wata, kusan faɗin ƙwayar dawa ɗaya kenan, kuma kafin ta canza gaba ɗaya daga gindi zuwa baki sai ta ɗauki wata 4 zuwa 6. Ta ƙafa ta fi nawa sosai, tana kai shekara har shekara da rabi. Ke ma kin san wannan ko ba wanda ya faɗa maki, tuna lallen da kika ƙunsa da sallar da ta wuce, na fata ya goge cikin sati biyu ko ukku amma na akaifa bai goge ba, tafiya ya yi ta yi yana hawa sama, fari na biyo shi daga gindi, har kika yanke na ƙarshensa bayan watanni. To tsagarki ma haka za ta yi tafiya. Duk gyaran da zan faɗa maki riƙe ta ne kawai kar ta ƙara nisa, har tsiro ya kai ta baki inda za ki goge ta ta fita ba ki rasa tsawo ba. In kin riƙe wannan a ranki sauran duk mai sauƙi ne.

Fara duba inda ta tsage

Ki wanke hannu ki fita haske, ki juya yatsan ki duba da kyau, don ba kowace tsaga ake ma magani ɗaya ba. In ɗan baki ne ya ɓalle a can saman da ya wuce nama, wannan ba ya buƙatar gulu ko kaɗan, lim kawai za ki sa, wato magogin akaifa, ki daidaita bakin shi kenan. In kuma ɓarewa take hawa-hawa daga baki kamar ɓawon albasa, wannan alamar bushewa ce da yawan shiga ruwa, shi ma gulu ba ya yi mashi komi, goge bakin za ki yi a hankali ki dage da shafa mai. Akwai wadda ke tsagewa a tsaye daga baki tana gangarawa wajen gindi, wannan ta fi wuyar sha'ani, zan dawo kanta a ƙasa.

Taki da kika kwatanta ita ce ta gefe, mai tafiya a kwance, kuma kusan kullum wuri ɗaya take farawa, daidai inda akaifa ta rabu da nama, don nan ne duk nauyin ke sauka in kika murza wanki ko kika ja wani abu. Abin da za ki auna biyu ne. Nawa ta ci daga faɗin akaifar, kuma tana sama da layin nama ne ko ƙasa da shi. In ba ta ci fiye da kashi ɗaya cikin ukku na faɗin ba, ba jini, ba zafi in kin danna, to za ta riƙu da kyau. In ta wuce rabi gaskiya zan faɗa maki ko an manne ta ba ta daɗewa, wata rana za ta maƙale a zane ko a gashi ta fizge gaba ɗaya ta tafi da nama, kuma zafin wannan ya fi baƙin cikin yankewa nesa ba kusa ba. Irin wannan ni da kaina nike ce ma mutum ta haƙura a rage. In kuma akwai jini ko kina ganin jan nama a cikin tsagar, to wannan rauni ne, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a sa maganin rauni a rufe da filasta, ba gulu ba lalle ba berni, wato fentin akaifa, har sai wurin ya warke.

Tun yanzu kafin ki gama karanta wannan ki naɗa mata filasta. Yawancin akaifun da ake kawo min sun lalace, ba tsagar farko ta lalata su ba, kwana biyun da aka yi ana yawo da ita a buɗe tana maƙalewa a mayafi da bargo da kitso ne, ga kuma hannu da ba ya haƙuri, kina zaune kina taɓa ta kina ɗaga ta da ɗayan yatsan ko da haƙori.

Yadda nike manne ta

Kayan aikin ba su da yawa kuma duk akwai su a babbar kasuwa wajen masu kayan kwalliya. Kol, wato gulun akaifa, ƙaramin kwalba, lim mai laushi ba mai kaushi irin na ƙarfe ba, ƙaramin almakashi, tsinken sakace, hantsaki in kina da shi, alkol daga farmasi, berni marar kala, sai jakar Lipton guda ɗaya sabuwa wadda ba a jiƙa ba. Eh ta shayin nan dai. Ki farke ta ki zubar da ganyen, takardar ake so, don siririya ce amma tana da zare-zare a jikinta da ba sa yagewa da sauƙi, kuma in ta sha kol sai ta zama kamar gilashi ba a ganinta. A manyan shagunan gyaran akaifa wani ƙyalle na siliki suke amfani da shi wanda aka yi don wannan aikin, ya fi ƙarfi ya fi daɗewa, in kin samu ki saya, amma aikin da yake yi shi ne dai takardar Lipton ke yi.

Abu na farko kuma wanda aka fi yin sakaci da shi, akaifar ta bushe ƙarau. Kar ki fito daga wanka ko wanke-wanke ki zauna yi, akaifa tana shan ruwa ta kumbura, in kika manne ta a haka da ta bushe ta koma girmanta sai facin ya ɗaga, banda damshin da kika rufe a ciki. Ki ba ta kamar awa ɗaya. Sai ki goge ta da alkol don mai ya fita, ki bari ya sha iska, ki ɗan bi saman wurin da lim sau biyu ukku kawai don sheƙin ya dushe kol ya samu wurin kamawa, ba kankarewa ba, don duk abin da kika kankare ƙarfin akaifar kika rage.

Ki ɗiga kol ɗin a kan wata leda ko murfin kwalba, ki dangwalo da tsinke ki shigar da shi cikin tsagar, ɗan kaɗan ƙwarai. Kar ki matsa kwalbar kai tsaye bisa yatsa, nan ne yake kwarara ya bi gefe ya manne fata. Ki haɗa bakin tsagar da tsinken ko hantsaki ki riƙe kamar minti ɗaya. Daga nan ki yanko takardar Lipton ɗin yadda za ta rufe tsagar ta wuce ta da kamar milimita 2 ta kowane ɓangare, amma kar ta hau fata, in ta hau fata nan za ta fara ɗagawa. Ki shafa kol siriri a wurin, ki ɗora takardar, ki bi ta da tsinke daga tsakiya zuwa gefe har iska ta fita ki ga ta zama garau, in kin ga wani wuri ya rage fari to kol bai kai nan ba, ki ƙara ɗigo. Ki bari ya bushe sosai kamar minti biyar, ki ƙara shafi ɗaya siriri a sama, ya bushe, sai ki bi da lim a hankali har in kin shafa da yatsa ba ki jin tudu. Berni marar kala a ƙarshe, ki bi har bakin akaifar. In kina so ki sa mai kala a sama ba wanda zai gane an yi faci. Tunda hannun dama ne ya tsage ki samu wata ta yi maki, da hagu ba zai yi kyau ba.

A hannun da ba ya yawan shiga ruwa facin kan yi sati ɗaya zuwa biyu. A hannun da ke wanki da wanke-wanke da tuƙa tuwo kullum, kwana biyar ko shidda ma an gode. Da kin ga gefensa ya fara ɗagawa cire shi za ki yi gaba ɗaya ki sake sabo, kar ki ɗiga kol a kan wanda ya ɗaga. Na taɓa samun wata baiwar Allah da ta yi fiye da wata tana ƙara kol bisa tsohon faci duk sanda ya ɗaga, ranar da muka cire sai ga wurin ya yi kore shar, wata ƙwayar cuta ce mai son damshi ta samu ɗaki a tsakanin facin da akaifar. Koren nan ba ya gogewa, sai da ta jira ya tsiro ya fita, watanni tana ɓoye yatsa. Cirewar kuma ba ɓanɓarewa ake ba, in kin ɓanɓare da hawan saman akaifar yake tafiya. Disolban, wato ruwan goge berni, mai asiton a ciki za ki jiƙa auduga da shi ki ɗora ki naɗe da leda minti 10 zuwa 15, sai ya yi laushi ki ture shi da tsinke, ki wanke ki shafa mai don asiton na busar da akaifa ƙwarai.

Zancen sufa gulu

Ƙawarki ba ta yi nisa da gaskiya ba, don kol na akaifa da sufa gulu 'yan gida ɗaya ne, sinadarin da ke cikinsu iri guda ne, damshi ke sa shi ya daskare shi ya sa yake kama fata nan take. Amma ni na akaifa nike ce ma mutane su saya, shi don jikin mutum aka yi shi, bakinsa siriri ne, wani ma da ɗan buroshi yake zuwa, shi kuwa na gyaran takalmi da bokiti ba a yi shi don a bar shi kwanaki a jiki ba kuma ruwa-ruwa ne yana gudu. Sannan ɗiga gulu kawai ba takarda ba ya riƙewa, in ya bushe tauri yake kamar gilashi, akaifa kuwa lanƙwasawa take, kwana ɗaya biyu ya sake tsagewa a wurin. Takardar ita ke ɗaukar nauyin.

Abu biyu kuma dan Allah ki kiyaye. Kar ki haɗa gulun nan da auduga ko ƙyallen auduga, in suka haɗu zafi suke yi mai ƙuna. Farkon fara aikina na taɓa sa zaren auduga a madadin takarda don ita ce a kusa, yarinyar ta fizge hannu tana kuka, sai da gefen yatsanta ya tashi, har yau ban manta ba kuma ban sake ba. Na biyu, kwalbar kol ɗin tana kama da ta maganin ɗigawa a ido, an sha samun mutane sun ɗiga a ido bisa kuskure, kar ki aje su wuri ɗaya, ki kuma ɗaga shi inda yara ba su kaiwa. In yatsunki suka manne kar ki ja da ƙarfi, ki sa cikin ruwan ɗumi da sabulu ki riƙa murzawa a hankali, ko ki shafa man gyaɗa ko disolban.

Alwala fa

Na ji daɗi da kika tambaya don da yawa ba su tambaya. Abin da muka koya tun a Islamiyya shi ne duk abin da ya yi shamaki ya hana ruwa taɓa wurin da ake wankewa sai an cire shi kafin alwala ko wanka, kuma akaifa tana cikin hannu. Kol da berni shamaki ne, ruwa ba ya ratsa su. Lalle ba haka yake ba tunda launi ne ya shiga jiki, ba wani abu ya zauna a sama ba. Kuma ba zai yiwu ki ce za ki riƙa cirewa da asiton sau biyar a yini kina maidawa ba, cikin kwana biyu akaifar za ta rududduge. Shi ya sa ni facin nan ina yi ma mace ne a kwanakin da take fashin salla, ta cire kafin wankan tsarki, kuma kwanakin nan sun yi daidai da daɗewar facin dama. In raunin gaske ne da aka ɗaure saboda lalura wannan babinsa daban, akwai shafa a kan ɗauri, amma faci don kwalliya ba na sa shi a wannan babin, hukuncin halin da kike ciki kuma malami za ki tambaya, ni mai lalle ce.

To in ba ki cikin fashin salla fa? Akwai dabarar da ba kol a ciki kuma ita na fi yawan yi. In tsagar ba ta ci fiye da milimita 1 ko 2 ba, ana iya goge gefen da lim har a cinye ta, a goge ɗayan gefen daidai da shi, sai akaifar ta koma siffar ƙwai, faɗi ya ɗan ragu amma tsawo na nan. Sauran akaifun ma a bi su da siffar don su zama iri ɗaya, kuma wallahi siffar ƙwai ta fi mai kusurwa huɗu ƙarko a hannun da ke aiki, don kusurwar ce ke maƙalewa. In ta fi haka zurfi sai ki lallaɓa ta da filasta, ki cire lokacin alwala, ki tsane hannu sosai ki maida sabo, da dare ki shafa mai. Akwai wahala amma sati ukku ne.

Tunda muna nan bari in ƙara wannan a matsayin yayarki. Rashin yankewa gajere daban, tara akaifa daban. Hadisin Anas ɗan Malik da Muslim ya ruwaito ya sa iyakar kwana 40 ga yanke akaifa, kuma mu da hannu muke cin tuwo, da shi muke dama fura muke ba yara abinci, duk abin da ya taru a ƙarƙashin doguwar akaifa cikin ciki yake ƙarewa. Milimita 2 ko 3 sama da nama ya isa ya yi kyau da lalle, ya kuma fi wuyar karyewa.

Mi ya sa take tsagewa tun farko

In sau ɗaya ne tsautsayi ne, wanki ne ya ja. In kuwa kullum cikin tsagewa suke to a duba dalili. Babban mai laifi ruwa ne, jiƙewa da bushewa, jiƙewa da bushewa. Lafiyayyar akaifa tana riƙe da ruwa wajen kashi 18 cikin ɗari na jikinta, in ya yi ƙasa sai ta yi tauri ta riƙa karyewa, in ya yi yawa ta yi laushi ta riƙa yagewa, kuma duk kumbura da motsewar da take yi hawa-hawan nan ne ke saki. Ƙara da omo da jabel, ruwan nan na faranta kaya, da ke kwashe ɗan man da ke riƙe su. Sai iskarmu ta nan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na tsotse komi, leɓe ya tsage, kaushi ya fito a diddige, akaifa ma haka take ji, kawai ita ba ta zafi shi ya sa ba a kula ta. Sai kuma maida akaifa kayan aiki, ɓarar gyaɗa, tsefe kitso, ɗaga murfin gwangwanin madara, kankare ƙanzo a gindin tukunya. Da yanke ta da reza ko cizge ta da haƙori, wannan na barin ƙananan tsagu a baki da ido ba ya gani, su ne ke girma daga baya. Ki yanke bayan wanka lokacin da take da laushi, ki goge da lim daga gefe zuwa tsakiya ta fuska ɗaya, ba kai da komo kamar zarto ba. Kuma kayan yankanki su zama naki ke kaɗai, ciwon hanta na bi ta reza da almakashin da aka yi tarayya.

Maganin bushewar yana cikin ɗakinki. Man kaɗe, ko basilin, ko man zaitun, ko man gyaɗa ma, ki murza a akaifar da fatar gindinta duk dare da kuma bayan kin gama aikin ruwa. Safar hannu ta roba lokacin wanki da jabel, na san da zafi kuma ba mu saba ba, amma bambancin da take kawowa cikin wata biyu ya fi na duk wani mai mai tsada. Tafarnuwa da ake cewa a goga, ni ban ga ta ƙara ma akaifar kowa ƙarfi ba, ƙona fatar gefe dai na ga ta yi.

Akwai kuma na cikin jiki. Ƙarancin jini na sa akaifa ta yi siriri ta riƙa karyewa, wani lokaci tsakiyarta ta lotsa kamar cokali har ɗigon ruwa ya zauna a ciki, kuma ina yawan ganin haka ga masu ciki da masu shayarwa da waɗanda al'adarsu ke zuwa da yawa. In kina da wannan ga kasala ga jiri ga haki in kin yi ɗan aiki, ki je a auna jininki. Hanta, nama, wake, zogale duk suna taimakawa, kuma ki daina bin abinci da shayi nan take don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikin abincin, ki ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu. Ciwon maƙoƙo da sauran matsalar wannan ƙullin na wuya shi ma yana taɓa akaifa da gashi.

Inda hannuna ya tsaya

Akwai akaifun da in an kawo min ba na taɓawa, asibiti nike turawa. Wadda gefen yatsan ya kumbura ya yi ja yana zogi ko yana fidda mugunya. Wadda ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa tana marmashewa ko ta rabu da naman ƙarƙashinta, wannan sau da yawa cuta ce ta shiga, rufe ta da kol ƙara mata ƙarfi ne. Wadda ke tsagewa a tsaye wuri ɗaya kullum, ta tsiro ta sake tsagewa a layin nan dai, wannan matsalar a gindi take inda ake ƙera ta, faci ba ya kaiwa can. Da baƙin layi a tsaye a akaifa ɗaya wanda sabo ne ko yana ƙara faɗi ko launin ya fara hawa fata, wannan kar a yi jinkiri a nuna ma likita. Mai ciwon suga kuma ko ƙaramin rauni ne a yatsa kar ta yi wasa da shi.

Ke kuma ga yadda zan tsara maki sati ukkun nan in da a gabana kike. Yau filasta da mai, wanki a ba wata ko a sa safar hannu. In tsagar ƙarama ce a goge ta a maida duka akaifun siffar ƙwai a huta. In ba ta goguwa ki lallaɓa ta har ranar ƙunshi, kuma lallen ya riga facin, don lalle ba ya kama wurin da kol yake, zai bar maki farin tabo a tsakiyar jan, ga shi damshin lallen na awanni zai ɗaga facin. Ki gaya ma mai ƙunshin ta bi yatsan a hankali wajen cirewa, kuma kar baƙin lallen nan mai haɗin sinadari ya kusanci tsagar, jan lallen gargajiya ya isa. Washegari da hannu ya bushe ƙarau, in kwanakin sun dace da fashin sallarki, sai a ɗora facin bisa jan, zai fito ta cikin takardar ba wanda zai lura. Zuwa lokacin ma tsagar ta matsa sama da wajen milimita 2, ki cire facin kafin wankan tsarki, bayan biki da sati ɗaya ko biyu sai ki goge bakin ta fita.